Neman Dangi ta Shafukan Salsala na Intanet: Yadda Suke Aiki da Iyakarsu ga Bahaushe

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi bayani a kan wasu shafukan intanet waɗanda aikinsu shi ne tattara tarihin iyalai, da yadda mutanen Amurka da Turai suke amfani da su wajen gano danginsu na nesa waɗanda ke raye. Za a fara da kalmomin fannin, sannan a dubi tushen shafukan da hanyoyin da suke bi su haɗa mutum da ɗan'uwansa. Daga nan za a kawo matsalolin da Bahaushe zai ci karo da su idan ya shiga irin wannan bincike, domin akasarinsu matsaloli ne na harshe, wato na suna da rubutu da kalmomin dangantaka. Abin da ake so ɗalibi ya riƙe shi ne, shafin salsala yana kwatanta abin da aka rubuta ne da abin da aka rubuta. Wanda ba a rubuta sunansa ba, ko aka rubuta shi ta wata siga daban, shafi ba zai gano shi ba.

2.0 Kalmomin Fannin

Hausa tana da kalmomi da dama a wannan fanni, kuma da yawa daga cikinsu an aro su ne daga Larabci. Salsala ta samo asali daga kalmar da ke nufin sarƙa, wato jerin sunaye daga ɗa zuwa uba zuwa kaka. Nasaba ita ce alaƙar jini da ke tsakanin mutum da magabatansa. Zuriya kuwa tana duban ƙasa, wato ƴaƴa da jikoki da tattaɓa-kunne. Dangi da zumunta da tsatso kalmomi ne na gida. Jadawalin da ake zanawa a nuna wane ya haifi wane, Larabawa suna kiransa shajara, wato bishiya, haka ma Turawa. Saboda haka a wannan takarda za a kira shi bishiyar nasaba.

3.0 Tushen Shafukan

3.1 Takardun da Aka Gina su a Kai

Waɗannan shafuka sun bunƙasa ne a ƙasashen da suka daɗe suna rubuta haihuwa da aure da mutuwa. A Ingila an umarci majami'u su riƙa ajiye irin wannan rajista tun 1538, gwamnati kuma ta fara tata a 1837. A Faransa dokar 1539 ta wajabta rubuta sunayen jariran da aka yi wa baftisma, sannan a 1792 aikin ya koma hannun ma'aikatun magajin gari. Amurka tana ƙidayar jama'a duk shekara goma tun 1790, kuma daga 1850 aka fara rubuta sunan kowane ɗa a cikin gida, ban da bayi. Ke nan Bature na yau zai iya bin sawun kakanninsa a takarda har shekara ɗari biyu ko uku baya.

3.2 Manyan Shafuka

FamilySearch shi ne mafi tsohon tushe. Mallakar cocin Mormon ne da ke jihar Utah a Amurka, wanda ya kafa ƙungiyar binciken salsala tun 1894, saboda a aƙidarsu ana yi wa magabatan da suka rasu wasu ayyukan ibada, don haka sai an san sunayensu. Shekaru da yawa ma'aikatansu suna zagaya duniya suna ɗaukar hoton takardun rajista, har suka tara naɗin fim kimanin miliyan 2.4, waɗanda suka gama juyawa zuwa na kwamfuta a 2021. An buɗe shafin a 1999, kuma kyauta ne.

Ancestry kamfani ne na kasuwanci, shi ma a Utah, wanda ya fito a intanet a tsakiyar shekarun 1990, kuma sai an biya kuɗi kafin a ga yawancin takardunsa. MyHeritage an kafa shi a Isra'ila a 2003. Geneanet na Faransa ne, an kafa shi a 1996, kamfanin Ancestry ya saye shi a 2021. Yawancin shafukan suna karɓar tsarin ajiya guda mai suna GEDCOM, wanda ke ba mutum damar ɗauke bishiyarsa daga wannan shafi ya kai wancan.

4.0 Hanyoyi Uku na Gano Dangi Masu Rai

Abin lura tun farko shi ne, shafukan suna ɓoye bayanan mutanen da ke raye. Idan ka shigar da sunan ƙanwarka a bishiyarka, baƙo ba zai gan shi ba. Haka kuma gwamnatoci ba sa sakin takardu da wuri. Amurka tana riƙe takardun ƙidaya shekara 72, shi ya sa na 1950 ba su fito ba sai a watan Afrilu na 2022. Ingila tana riƙe nata shekara 100, don haka na 1921 suka fito a 2022. A Faransa takardar haihuwa ba ta buɗuwa ga kowa sai bayan shekara 75. Saboda haka ta wajen matattu ake bi a kai ga masu rai.

4.1 Haɗuwar Bishiyoyi

Mutum yana fara wa da kansa, ya shigar da iyayensa da kakanninsa, tare da garuruwa da shekarun haihuwa da rasuwa. Kwamfuta sai ta riƙa kwatanta waɗannan sunaye da na miliyoyin bishiyoyin da wasu suka shigar. Idan ta ga suna ɗaya da shekara ɗaya da gari ɗaya a bishiyoyi biyu, sai ta sanar da masu su. Wanda ya shigar da ɗaya bishiyar yawanci jikan wannan mamaci ne ta wani reshe, kuma akwai akwatin saƙo a cikin shafin da za a rubuta masa ba tare da an san adireshinsa ba. A FamilySearch bishiya ɗaya ce kowa yake ƙarawa a kai, saboda haka ana iya ganin wanda ya taɓa gyara bayanin kakanka a tuntuɓe shi. Sai dai kuskure ma yana yaɗuwa ta wannan hanya: mutum ɗaya ya haɗa mutane biyu masu suna ɗaya, ɗari su kwafa daga gare shi.

4.2 Saukowa daga Kaka zuwa Jikoki

Hanya ta biyu ita ce a hau sama zuwa wani kaka, sannan a sauko ta wajen ƴan'uwansa. Misali, idan an gano cewa kaka yana da ƙane wanda ya yi hijira, sai a nemi takardar jirgin ruwan da ya shiga, da ƙidayar da ta nuna matarsa da ƴaƴansa, da sanarwar rasuwarsa a jarida. Irin wannan sanarwa tana da amfani ƙwarai a Amurka, domin takan jero sunayen ƴaƴa da jikokin da mamaci ya bari da garuruwan da suke zaune.

4.3 Gwajin Ƙwayoyin Halitta

Hanya ta uku ita ce gwajin ƙwayoyin halitta, wanda aka fi sani da gwajin DNA, masu Faransanci kuma kan ce ADN. Mutum yana tofa yawu a cikin ƴar kwalba, ko ya goga auduga a cikin kumatunsa, ya aika ɗakin gwaje-gwaje. Kamfanin FamilyTreeDNA ya fara sayar da irin wannan gwaji a shekarar 2000, an kafa 23andMe a 2006, Ancestry kuma ya shigo a 2012, har ya tara samfurin mutane fiye da miliyan 20.

Gwajin iri uku ne. Na farko yana bin layin maza zalla, daga uba zuwa ɗa, kuma maza kaɗai ke yin sa. Na biyu yana bin layin uwa, da uwarta, da uwar uwarta. Na uku, wanda aka fi amfani da shi wajen neman dangi, yana duba abin da mutum ya gada ta kowane ɓangare. Lissafinsa kuwa ga shi: mutum yana tarayya da mahaifinsa ko mahaifiyarsa a kashi 50 cikin 100, da kakansa a kimanin kashi 25, waɗanda suka haɗa kakanni, wato ƴaƴan wa da ƙane, kimanin kashi 12.5, waɗanda suka haɗa iyayen kakanni, kimanin kashi 3, waɗanda suka haɗa kakannin kakanni, ƙasa da kashi 1. Daga nan alamar takan dushe, har a sami dangi na gaskiya waɗanda gwaji bai nuna komai a tsakaninsu ba.

Abu biyu ya kamata a fahimta. Na ɗaya, gwaji yana kwatanta mutum ne da waɗanda suka yi gwaji kawai, kuma mafi yawansu Turawa ne ko jikokin Turawa. Na biyu, adadi ɗaya yana iya nufin dangantaka iri-iri. Kashi 25 na iya zama kaka, ko kawu, ko gwaggo, ko ɗan uba. Sai an koma ga bishiya da shekarun mutane kafin a tantance.

5.0 Misalin Baƙaƙen Fatar Amurka

Babu al'ummar da ta nuna amfanin waɗannan shafuka da iyakarsu kamar jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Taskar bayanai ta SlaveVoyages ta tattara labarin tafiye-tafiyen jiragen bayi kimanin 36,000, kuma masana sun ƙiyasta cewa an ɗora mutum miliyan 12.5 a jiragen, miliyan 10.7 suka isa da rai. Takardun jiragen yawanci adadi suke kawowa, ba sunaye ba. A Amurka, ƙidayar 1870 ita ce ta farko da ta rubuta sunayen waɗanda aka ƴanta bayan yaƙin basasa. Kafin wannan shekara, bawa yakan fito ne a takardar gado ko ta ciniki ta ubangidansa, da suna guda ba na uba. Don rage wannan giɓi, a 2015 da 2016 dubban ƴan sa-kai suka taimaka wa FamilySearch wajen fitar da sunaye daga takardun hukumar da aka kafa a 1865 don kula da ƴantattun bayi.

Da takarda ta ƙare sai mutane suka koma ga gwajin jini. A 2003 aka kafa kamfanin African Ancestry, wanda ke kwatanta layin uba ko na uwa da samfurin al'ummomin Afirka na yau. Sakamakon yakan ambaci ƙabila, amma wannan kusanci ne kawai yake nunawa, domin layi ɗaya yana iya kasancewa a cikin ƙabilu da yawa masu maƙwabtaka. Wannan batu ya shafi Hausawa kai tsaye, saboda an kai Hausawa da yawa Bahia ta ƙasar Brazil a farkon ƙarni na 19, inda suka jagoranci yunƙurin tawaye a 1807, wasu kuma suka shiga tawayen Musulmi na 1835. Don haka Bahaushen da ya yi gwaji a yau bai kamata ya yi mamaki ba idan ya ga an haɗa shi da wani a nahiyar Amurka.

6.0 Matsalolin da Bahaushe Zai Tarar

Hausawa ma suna da dangi a warwatse. Fataucin goro ya kafa zango-zango a Ghana. Hanyar aikin hajji ta ƙasa ta bar dubban iyalai a Chadi da Sudan. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ya yi gabas da jama'arsa, suka kafa garin da ake kira da sunansa kusa da Sennar a Sudan. A Saudiyya akwai iyalai masu laƙabin Hausawi. Bukatar neman dangi tana nan, amma shafukan ba a tsara su bisa al'adarmu ba.

6.1 Tsarin Suna

Shafin salsala yana neman suna biyu: sunan yanka da sunan iyali wanda ake gada daga kaka zuwa jika ba ya canzawa. Bahaushe kuwa sunan mahaifinsa yake ɗorawa a kan nasa, don haka suna na biyu yana sauyawa a kowane tsara. Ɗan Musa Garba zai zama Sani Musa, jikansa ya zama Ali Sani. Wasu kuma sunan gari aka ba su a makaranta. Bugu da ƙari, saboda alkunya da laƙabi, akwai tsofaffin da duk gari ba a san sunansu na yanka ba sai Ɗanladi ko Tanko ko Maigari ko Hajiya Babba. Yaron da aka sa wa sunan kakansa ma sai a riƙa kiransa Abba ko Baba. Ga kuma maimaituwar suna: Muhammadu ɗan Abubakar zai fito sau goma a zuriya ɗaya.

6.2 Bambancin Rubutu

Iyakar da Turawan mulkin mallaka suka shata ta raba rubutun suna gida biyu. Wanda aka rubuta Oumarou a Maraɗi shi ne Umaru a Katsina. Issoufou shi ne Yusufu, Mahamadou shi ne Muhammadu, Aïchatou ita ce A'ishatu. Idan reshen iyalin ya tafi Sudan, an rubuta shi da baƙaƙen Larabci, wanda in aka mayar da shi boko zai sake ɗaukar wata siga. Sunan gari ma haka: Damagaram a bakin mutane, Zinder a takarda. Kwamfuta tana iya gane wasu daga cikin waɗannan, amma ba a dogara da ita. Wajibi ne mai bincike ya gwada kowace siga, kuma ya shigar da duk sunayen da aka san mutum da su.

6.3 Shekarun Haihuwa

Da yawa daga cikin iyayenmu da kakanninmu ba a rubuta haihuwarsu a lokacin da aka haife su ba. A ƙasashe masu amfani da Faransanci akan rubuta cewa an haifi mutum wajejen shekara kaza, wasu kuma a ba su ranar 1 ga Janairu. Tsofaffi suna lissafi ne da abin da ya faru: shekarar yunwa, ko ta fara, ko zamanin sarki wane. Mai bincike zai rubuta abin da aka faɗa masa yadda aka faɗe shi, sannan ya ƙiyasta shekara ya nuna cewa ƙiyasi ne.

6.4 Kalmomin Dangantaka

A nan harsunan biyu sun yi hannun riga. Hausa tana bambanta baffa da kawu, da gwaggo da inna, alhali Ingilishi da Faransanci kalma ɗaya suke ba maza, ɗaya mata. A gefe guda kuma, Bahaushe yana kiran ɗan baffansa wa ko ƙane, yana kiran ƙanen mahaifinsa baba, yana kiran ɗan riƙo ɗa. Idan tsohuwa ta ce wane ƙanenta ne, sai an tambaya: uwa ɗaya uba ɗaya, ko ƴan uba ne, ko iyayensu ne suka haɗa uba? Auren mace fiye da ɗaya yana sauya lissafin gwaji ma: baffan da suka haɗa uba kawai da mahaifinka zai fito da kimanin kashi 12.5, ba 25 ba. Auren zumunci kuma yana sa dangi su fito kusa fiye da yadda suke, domin jinin ya haɗu ta hanya fiye da ɗaya.

6.5 Inda Za a Iya Samun Wani Abu

Duk da haka akwai ƙofofi. Shafin Mémoire des hommes na ma'aikatar tsaron Faransa yana ɗauke da sunayen sojojin da suka mutu a yaƙin duniya na farko, har da ƴan Afirka ta Yamma. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe rainon Ingila tana da sunayen sojojin Afirka ta Yamma da suka mutu a yaƙin Bama. FamilySearch kuma ya aika ma'aikata ƙauyuka a Ghana da Najeriya da wasu ƙasashe suna naɗar salsala daga bakin dattawa. Wannan na ƙarshe yana nuna inda taskar take a wajenmu: a bakin tsofaffi, da maroƙa, da takardun gado na alƙalai, da bayan bangon littattafan malamai inda wasu ke rubuta haihuwar ƴaƴansu.

7.0 Tuntuɓa da Haɗarinta

Idan an gano wanda ake zaton ɗan'uwa ne, saƙon farko ya zama gajere. A yi sallama, a faɗi suna da gari, a ambaci kakan da ake zaton an haɗa, a bar masa zaɓi. Ga misali:

"Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, sunana wane, daga gari kaza. Na ga sunan Malam wane a cikin kakanninku. Mu ma muna da kaka mai wannan suna, wanda dattawanmu suka ce ya tafi gabas bai dawo ba. Idan babu damuwa, ina so mu kwatanta abin da kowa ya ji daga manyansa. Na gode, Allah ya bar zumunci."

Kada a fara da roƙo, kada a aika takardar shaida ko lambar asusun banki, kada a saka bayanan masu rai ba da izininsu ba. Wanda bai amsa ba a ƙyale shi. Wanda ya fara da maganar gado ko biza ko kuɗi, a yi hattara da shi.

Akwai haɗarin da ya fi wannan. Gwaji yana tona abin da iyali suka rufe, kamar a gano cewa wanda aka sani a matsayin uba ba shi ne ya haifa ba. A 2002 majalisar fiƙihu ta Rabiɗar Duniyar Musulmi, a zamanta na Makka, ta yanke cewa ba a amfani da irin wannan gwaji don kore nasabar da ta tabbata a shari'a. Faransa kuma ta hana yin gwajin ba tare da umarnin kotu ko dalilin likita ko na binciken kimiyya ba, da tarar Yuro 3,750.

Haka nan wanda ya ba da yawunsa ya ba da labarin danginsa ne gaba ɗaya. A Afrilun 2018 ƴan sandan California suka kama Joseph James DeAngelo, wanda ake nema shekaru da dama saboda kisa da fyaɗe, bayan sun saka samfurinsa a shafin GEDmatch sun gano danginsa na nesa, sannan suka sauko ta bishiyarsu har kansa. Shi kansa bai taɓa yin gwaji a shafin ba. A 2023 masu kutse suka kai ga bayanan mutum kimanin miliyan 6.9 a 23andMe, kuma a Maris na 2025 kamfanin ya shigar da takardar karyewar jari, aka sayar da shi tare da bayanan abokan cinikinsa a cikin wannan shekarar. Ya kamata mutum ya shawarci manyansa kafin ya yi gwaji.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa shafukan salsala sun ginu ne a kan rajistar ɗaruruwan shekaru da sunan iyali mai ɗorewa, kuma ta hanyar magabata suke kai mutum ga dangi masu rai. Ga Bahaushe, matakin farko shi ne ya zauna da tsofaffin gidansu tun suna da rai, ya rubuta sunaye da laƙubba da garuruwa, ya tantance ma'anar kowace kalmar dangantaka, sannan ya shiga shafi. Idan an dace an sami ɗan'uwa, sauran aikin na ziyara ne da gaisuwa da halartar suna da ta'aziyya, domin Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.

Aikin Gida

1. Zana bishiyar nasabarka har zuwa iyayen kakanninka, ka rubuta sunan yanka da laƙabin kowa.

2. Kawo sunaye goma waɗanda rubutunsu ya bambanta tsakanin Nijar da Najeriya.

3. Bayyana bambancin da ke tsakanin baffa da kawu, da gwaggo da inna, da shaƙiƙi da ɗan uba, ka sa kowace kalma a cikin jimla.